Gaskiya Ta Fi Kwabo: Jaridar da Ta Yi Ta Sauya Iyayen Gida

A ƙarshen shekarar 1938 wata ji-ta-ji-ta ta cika kasuwannin Arewa, wai Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus don ta lallashi Hitila. Maganar ba daga sama ta faɗo ba. A lokacin Jamus tana ta kumfar baki a mayar mata da ƙasashen da aka ƙwace mata bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, cikinsu har da Kamaru, wadda wani yanki nata Turawan Ingila ke mulki haɗe da lardunan Adamawa da Barno. Fatake suka ɗauki zancen, 'yan jirgin ƙasa suka ƙara masa gishiri, kafin ka ce kwabo ya kai ƙauyukan da ko Joji bai taɓa takawa ba.

A nan Turawan mulki suka gane ba su da bakin da za su yi wa talaka magana kai tsaye. Duk abin da Gwamna ke son a ji sai ya bi ta Razdan, Razdan ya gaya wa sarki, sarki ya aika wa hakimi, hakimi ya kira dagatai, dagaci ya sa mai shela ya kewaya. Kafin saƙo ya iso ƙofar gidan manomi ya riga ya tsufa, ko kuma ya rikiɗe. A watan Janairun 1939 aka fitar da bugun farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo daga Zariya, ana sayar da ita kwabo ɗaya, irin kwabon nan mai huda a tsakiya. Wata-wata take fitowa da farko. Daga baya ta koma mako biyu-biyu, sannan mako-mako, har aka yi zamanin da takan fito sau uku a mako.

An sha ba da tarihin jaridar nan ta fuskar marubutanta. Ni abin da ya fi ɗaukar mini hankali shi ne masu ita. Cikin shekaru saba'in da 'yan kai ta ratsa hannun gwamnatin mulkin mallaka, da kamfanin da gwamnati ta kafa, da gwamnatin Jihar Arewa, da jihohi shida, da gwamnatin tarayya, da gwamnoni goma sha tara. Duk cikinsu in ka cire na farko, babu wanda ya tashi takanas ya ce jaridar Hausa yake so. Kowa tarar da ita ya yi cikin kayan da aka damƙa masa.

Uban gidanta na farko shi ne Ofishin Talifi na Zariya. Asalinsa ofishin fassara ne da aka buɗe a Kano wajen 1929 don samar wa makarantun boko littattafan karatu, aka mayar da shi Zariya, aka ɗora wani jami'in ilimi, Dakta Rupert East, a kansa. East ya ga fassara kaɗai ba za ta sa mutane su so karatu ba, sai ya shirya gasar ƙaga labari a 1933, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A nan East ya hango Imam, malamin makarantar Midil ta Katsina, ya nemi aronsa zuwa Zariya ya rubuta Magana Jari Ce. Da maganar jarida ta taso ba a yi dogon nema ba. Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, bai cika shekara ashirin da takwas ba aka ba shi kujerar edita.

Ba ita ce takardar labarai ta farko da aka buga da Hausa ba. Tun farkon shekarun 1930 gwamnati tana fitar da wata daga Kaduna cikin harsuna uku, Hausa da Larabci da Ingilishi, 'yan lokuta kaɗan a shekara, mafi yawanta labarin rangadin manya da naɗin sarauta. Ta fi kama da takardar sanarwa. Yarbawa kuwa sun riga Gaskiya da shekara tamanin, don tun 1859 aka fara buga Iwe Irohin a Abekuta. Abin da Gaskiya ta zo da shi sabo shi ne murya. Imam ya rubuta labarin duniya kamar yadda ake ba da shi a zaure bayan sallar isha'i. In zai yi bayanin abin da ya haɗa Jamus da Folan, sai ya nemo masa misali daga rikicin gona ko na gado, ya sa karin magana a inda ta dace, ya tsokani mai karatu, ya yi masa tambaya. Wanda bai taɓa ganin teku ba ya fahimci dalilin da ya sa gishiri da kananzir da akoko suka yi tsada.

Akwai wani aiki da jaridar ta yi a ɓoye wanda har yau muke cin moriyarsa. Kafin zamaninta kowane Bature da yadda yake rubuta Hausa: wani ya ɗiga ɗigo ƙarƙashin harafi, wani ya sa waƙafi a gabansa. Haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, a shekarun 1930 aka tsayar da su, kuma ofishin East ne ya dage a kansu. Amma doka ba ta koya wa mutum rubutu. Ganin abu a bugu bayan bugu shi ya sa idon mutane ya saba, har malamin elementare a Azare da akawun kotu a Argungu suka koma rubuta kalma iri ɗaya. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta tarar an riga an share mata fili.

Wata takwas da fitowarta Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sai ta zama abin da mai ita ya ƙirƙire ta dominsa: makamin farfaganda. Ta yi kiran shiga soja, ta yi kiran noman gyaɗa, ta yi kiran tara gudummawar yaƙi. An aika da ita ga sojojinmu da aka kai gabashin Afirka da ƙasar Bama, waɗanda Hausa ce harshen barikinsu ko da ba Hausawa ba ne. Aka ƙara mata 'yar takarda ta ajami mai suna 'Yar Gaskiya, saboda a lokacin masu karanta ajami sun ninka masu boko nesa ba kusa ba. Wannan duk buƙatar uban gida ce, kuma an biya masa ita.

Sai dai wanda ya buɗe ƙofa don ya yi shela ba ya hana a amsa masa. Wasiƙu suka fara kwarara Zariya. Malaman makaranta da ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa suka riƙa rubuto kukansu: aikin tilas, zaluncin masu karɓar haraji da jangali, cin hancin 'yan doka, ƙarancin makarantu, halin asibiti. Da yawa ba sa sa sunansu na gaskiya, don wanda albashinsa ke fitowa daga baitulmalin En'e ya san abin da zai biyo baya in aka gane shi. Imam ya zauna a tsaka mai wuya. Bature na duba abin da zai fita, sarakuna na jin haushin a ce yaron da bai kai ya yi musu magana a fada ba yana yi musu ita a takarda, samari 'yan boko kuma na ganin editan yana sassautawa da yawa. Dabararsa ita ce ya buga kukan, ya biyo shi da amsa mai sanyi, ya yabi sarauta a sakin layi na farko, ya soki abin da ake yi da sunanta a na biyu. Masu zafin kai sun raina wannan salo. Ni ina ganin ba don shi ba da an rufe shafin wasiƙun tun ba a je ko'ina ba.

A 1943 aka gayyaci editocin Afirka ta Yamma zuwa Ingila, Imam na ciki, Nnamdi Azikiwe na ciki. A can Azikiwe ya tsara takardar neman a sa ranar mulkin kai, ya nemi 'yan tawagar su sa hannu. Imam ya ƙi, bisa hujjar cewa takardar ba ta ɗauke da ra'ayin mutanen Arewa. Jaridun Ikko suka yi masa ca. Amma a wannan tafiyar ce kuma ya gana da Lugga, wanda ya ci Arewa da yaƙi shekara arba'in kafin nan, ya zayyana masa yadda mulkin En'e ya lalace da yadda aka mayar da 'yan boko saniyar ware, suka ci gaba da musayar wasiƙu bayan ya dawo. Mutum ɗaya, tafiya ɗaya: 'yan kudu na kiransa yaron Turawa, wasu Turawan Kaduna na ganin ya wuce gona da iri. Haka rayuwar editan jaridar gwamnati take in yana da ra'ayin kansa.

Canjin hannu na farko ya zo a 1945. Gwamnatin Gwamna Richards ta kafa Kamfanin Gaskiya, da kuɗin asusun raya ƙasashen mulkin mallaka, aka gina masa mazauni a Tukur-Tukur, aka kawo injinan ɗab'i, aka yi wa ma'aikata gidaje. East ya zama shugaba. A takarda, kamfanin ba ofishin gwamnati ba ne, yana da hukumar gudanarwarsa, ana sa ran zai riƙe kansa da cinikin littattafai da jaridu da aikin ɗab'i. A zahiri kuwa wanda ya ba da jari shi ke naɗa hukumar. Duk da haka wannan shi ne zamanin da jaridar ta fi kowane lokaci zama 'yar gaban goshi. Gidan ma sunanta ya ci, har titin da ke bi ta wurin. Mutane irin su Nuhu Bamalli, wanda daga baya ya zama ministan harkokin waje, a nan suka goge. Da aka fara tarurrukan da suka haifar da Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948 da 1949, Imam da abokan aikinsa na cikin na gaba-gaba.

A cikin gidan nan kuma aka haifi abin da zai rage mata daraja. A 1948 kamfanin ya fara buga jaridar Ingilishi, Nigerian Citizen. Dalilin a fili yake: muhawarar tsarin mulki da Ingilishi ake yin ta, 'yan kudu da Turawan Ikko ba sa karanta Hausa, Arewa na buƙatar wanda zai mayar da martani da harshen da za a ji. Tun daga ranar aka raba aiki. Ingilishi ta ɗauki manya da masu ba da talla, Hausa ta ɗauki talakawa. Kowa ya san inda kuɗi suke.

Siyasa ta ƙara rikita lamarin. Da aka kafa NEPU a Kano a watan Agustan 1950, 'yan sawaba ba su ɗauki Gaskiya a matsayin tasu ba, sun fi samun fili a jaridar Comet ta Azikiwe da ake bugawa a Kano. Da Jam'iyyar Mutanen Arewa ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta kama gwamnati, sai uban gidan jaridar ya tashi daga Bature ya koma ɗan ƙasa mai jam'iyya, mai abokan hamayya, mai zaɓe a gabansa. Imam kansa ya bar kujerar edita a farkon shekarun 1950, ya shiga majalisa, daga baya ya koma Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. East ma ya koma gida.

Shekarun Yaƙi da Jahilci sun kawo wata hukuma, NORLA, wadda ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959 tana buga littattafai da ƙananan jaridu don manyan da suka koyi karatu a ajin yamma kada su manta. Kusan kowane lardi ya sami tasa: Himma a Katsina, Sodangi a Kano, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zariya, Zumunta a Bauchi, Gamzaki a Filato, Ardo a Adamawa, Albishir a Barno. Da kuɗi suka ƙare aka rufe hukumar, jaridun lardunan suka bi ta. Gaskiya ta tsira saboda ta girme su kuma tana da masu saye na haƙiƙa.

Canjin da ya fi kowanne tasiri shi ne na 1966. Sardauna ya gaji da yadda jaridun Ikko da Ibadan ke yi wa gwamnatinsa, yana son jarida ta kullum mai injin zamani wadda za ta tsaya da su kafaɗa da kafaɗa. Aka kafa sabon kamfani a Kaduna, aka ɗauko Charles Sharp ya jagorance shi, aka rufe Citizen, ranar 1 ga Janairun 1966 New Nigerian ta fito. Mako biyu bayan haka aka kashe Sardauna. Kamfanin Gaskiya ya zauna a Zariya da injinansa da littattafansa, har ya haɗa gwiwa da Macmillan suka kafa kamfanin buga littattafai na NNPC a wannan shekarar. Jaridar da ta ba gidan suna kuwa aka kwashe ta zuwa Kaduna. Ta girmi New Nigerian da shekara ashirin da bakwai, amma zaman agola ta yi a gidan: ana ciyar da ita, ba a kore ta ba, sai dai ba da ita ake shawara ba.

Ba wai New Nigerian ba ta cancanci sunan da ta yi ba. A zamanin Adamu Ciroma da Mamman Daura da Turi Muhammadu, sharhinta na shafin farko abu ne da ake karantawa a Barikin Dodan kafin a karya kumallo. A 1973 ta fara bugawa a Kaduna da Ikko lokaci guda. Amma duk wannan ɗaukaka ta Ingilishi ce. Ƙwararren ɗan jarida in yana son ci gaba ya san teburin da zai nema. Labarai da yawa na Gaskiya suka koma fassarar abin da 'yar'uwarta ta buga jiya ko shekaranjiya. Jaridar da aka san ta da Hausar zaure ta fara fitar da jimloli masu ƙamshin Ingilishi, irin waɗanda sai ka mayar da su can a zuciyarka kafin ka gane abin da ake nufi.

Daga nan masu ita suka yi ta yawa suna nisa. Gawon ya raba Jihar Arewa gida shida a 1967, sai kadarorin da ba sa rabuwa, irin su Jami'ar Ahmadu Bello da gidan rediyon Kaduna da kamfanin jaridun, aka sa su ƙarƙashin wata hukumar riƙon ƙwarya ta jihohin shida, wadda aka fi sani da ICSA. A 1975 gwamnatin Murtala ta karɓe New Nigerian ɗungurungum, ta kuma karɓi kashi 60 cikin ɗari na Daily Times. Hujjar ita ce kada manyan jaridun ƙasa su zama na ɓangare. Ko mutum ya yarda da hujjar ko bai yarda ba, Gaskiya ba ta cikin lissafin. Ba don ita aka yi dokar ba, ba kuma wanda ya tsaya ya tambaya ko ya dace jaridar Hausa ta koma hannun ma'aikatar da ke Ikko, inda mafi yawan masu sa hannu a takardar kuɗinta ba za su iya karanta kanun labarinta ba.

A wannan zamanin na san ta. Kawuna tela ne a Tudun Wadan Zariya, bai yi boko ba sai ɗan abin da ya tsinta a ajin Yaƙi da Jahilci, yana iya haɗa baƙi amma a hankali, ga ido ya fara rauni. In mai jarida ya kawo, sai ya ajiye ta a kan keken ɗinki har in taso daga makaranta. Ni ke karantawa, shi da abokan zamansa, wani mai gyaran agogo da wani tsohon ma'aikacin reluwe, su ke yanke hukunci. Ba sa barina in fara da shafin farko, wai wannan sun riga sun ji a Rediyon Kaduna da BBC. Wasiƙu suke so, da shafin waƙoƙi, da labarin kotu, da sanarwar cigiya. In na karanta waƙa ban bi karinta ba sai tsohon reluwen ya ce, "Kai yaro, waƙa ake rerawa, ba a karanta ta kamar takardar sammaci." Kawu kuwa in an zo wasiƙar da wani ya yi kukan rashin ruwa ko taki a garinsu, sai ya tsayar da keke ya ce, "Maimaita mini sunan garin." Yana son ya san ko ya taɓa zuwa. Bugu ɗaya yakan ratsa shago huɗu ko biyar kafin ya ƙare a hannun mai ƙosai.

Wannan zaman shagon ya nuna mini abu biyu da masu lissafi a ofis ba sa gani. Na farko, yawan masu karanta jaridar Hausa ya ninka yawan masu sayenta sau da yawa, don haka in da ciniki kaɗai za a auna ta kullum za ta fito a mai asara. Na biyu, labari ba shi ne abin sayarwarta ba. Tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo a 1962, sannan Jamus da Amurka suka shigo, Bahaushe ya daina jiran takarda ta gaya masa abin da ya faru. Abin da rediyo ba ta iya ba shi shi ne ya ga sunansa da sunan ƙauyensa a rubuce, ya yanke waƙarsa ya adana, ya nuna wa hakimi cewa kukansa ya fita duniya. Mawaƙa da marubuta da yawa a shafukanta suka fara ganin aikinsu cikin ɗab'i. Uban gida mai kula da zai zuba ƙarfinsa a nan, ya sa wakilai a ƙananan garuruwa, ya faɗaɗa shafin wasiƙu. Wanda ke Ikko bai ma san ana yi ba.

Sai tsadar takarda ta zo. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta faɗi, takardar ɗab'i da tawada da kayan gyaran inji duk daga waje ake sayo su. Masana'antar takardar jarida da aka gina a Oku Iboku ba ta yi dogon kwana ba. A kamfanin da ke buga jaridu da yawa da takarda ƙalilan, ba sai an gaya maka wadda za a fara rage wa shafi ba. Kwabon da ke cikin sunanta ma ya ɓace daga kasuwa, farashinta ya koma naira kaza.

Ba ita kaɗai ce a fili ba kuma. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa kamfanin Triumph a Kano a 1980, ya fito da Albishir ta boko da Alfijir ta ajami. Abiola ya fito da Amana daga gidan Concord. Aka yi A Yau a Kaduna, aka yi Al-Mizan a Zariya. In ka lura, yawancinsu tsarin nan na 1948 suka maimaita: babbar jaridar Ingilishi a gaba, ƙaramar ta Hausa a bayanta, ranar da babbar ta yi tari sai ƙaramar ta kwanta. Al-Mizan ce ta saɓa, don ita tana da jama'ar da suka ɗauke ta tasu, suke sayar da ita hannu da hannu a ƙofar masallatai ranar Juma'a. Mutum na iya ƙin ra'ayinta, amma ta nuna abin da ke faruwa in mai jarida da mai karanta ta suna zaune a tabarma ɗaya.

A 2006 gwamnatin Obasanjo, wadda ke ta sayar da kamfanonin gwamnati, ta mayar da New Nigerian ga jihohin Arewa. Shida suka bayar, goma sha tara suka karɓa. An yi murna a lokacin, ana cewa kayan Sardauna sun dawo gida. Amma gwamnonin nan kowannensu na da gidan rediyonsa da talabijin ɗinsa, wasu da jaridarsu, jam'iyyunsu daban-daban, wa'adinsu shekara huɗu-huɗu. Wanda ya zuba kuɗi a Kaduna ba shi za a yaba wa shi kaɗai ba, wanda ya ƙi zubawa ba shi za a zarga shi kaɗai ba. Ga tsohon bashi, ga haƙƙin 'yan fansho da aka yi ta jayayya a kan wanda zai biya, tarayya ko jihohi. Albashi ya riƙa makalewa wata da watanni, ma'aikata suka yi ta yajin aiki, a farkon shekarun 2010 injinan suka tsaya. In an yi taron gwamnoni an taɓo maganar kamfanin, zancen filaye da gine-gine ne ke fitowa, irin dogon benen nan na Gidan Nagwamatse da ke titin Ahmadu Bello, da yadda za a biya bashi. Jaridun da suka ba da labarin durƙushewar ma New Nigerian suka yi wa makoki, Gaskiya sai a layi na ƙarshe in an tuna.

A shekarar da aka yi wannan miƙa-hannun ne kamfanin Media Trust ya fara buga Aminiya, daga baya Leadership ma ta fito da tata ta Hausa. Su ma 'yan bayan jaridun Ingilishi ne, sai dai masu su 'yan kasuwa ne da ke duba littafin ciniki kowane wata, suna da dalilin tambayar abin da mai karatu ke so. Shafin wasiƙun da kawuna ke jira kuwa ya koma Facebook da WhatsApp da shirye-shiryen kiran waya na gidajen rediyon FM, inda ba edita, ba kuma mai gyara maka ɗ da ƙ.

Abin da ya rage na Gaskiya Ta Fi Kwabo yanzu shi ne tsofaffin bugunta da ke ɗaure a ɗakunan adana tarihi na Kaduna da Zariya, da waɗanda ke wasu jami'o'in Turai da Amurka. A cikinsu akwai wasiƙun sojojin Bama, da muhawarar ilimin mata, da rigimar NEPU da En'e, da farashin gero na shekaru da dama, da Hausar mutanen da ba su bar wani rubutu ba sai wannan. Takardar jarida ba ta da ƙarko, tana yin ja tana karyewa ko ba a taɓa ta ba. Ɗaukar hotonta shafi-shafi a sa a intanet aiki ne da bai fi ƙarfin jami'a ɗaya ba, kuɗinsa bai kai na gyaran gidan saukar baƙin gwamna guda ba. Amma duk jami'ar da ta tashi yi, ko mai ɗab'in da ke son tattara sharhunan Imam ya fitar da su littafi, sai ya fara neman izinin mai haƙƙi, mai haƙƙin kuwa gwamnoni goma sha tara ne.